Tsakiya Da Lantana, Duwatsun Adon Kakanninmu

Duk wanda ya tashi a Masama, ko a wani gari na ƙasar Gwandu, ya san marmara, ya san yumɓu da jan yashi. Abin da bai taɓa gani a karkararsu ba shi ne dutse mai aman wuta, domin ƙasar nan ruwa ne ya shimfiɗa ta, ba wuta ba. Amma kuwa in ya buɗe adudun kakarsa, mai yiwuwa ne ya tarar da abin da irin wannan dutse ya haifa an shirya shi a zare, watau tsakiya.

Ga yadda ta ke samuwa, cikin ikon Allah. Sa'ad da dutse ya yi aman wuta, narkakken dutse ya kan malalo kamar kunu, da kumfa a cikinsa. In ya huce ya sandare, sai gurbin kumfar ya zama 'yan ramuka. Ruwa ya yi ta tsattsafowa ciki shekaru dubbai, ɗauke da sinadarin yashi, yana barin kaɗan kaɗan a jikin ramin, hawa bisa hawa. Shi ya sa in an tsaga tsakiya a kan ga ratsi-ratsi, fari da ja da ruwan ƙasa, sai ka ce saƙa. Da wuya a sami biyu masu zane ɗaya, don haka masu tara duwatsu a Turai da Amurka su ke zuba kuɗi a kanta. A jihar Oregon ta Amurka akwai wani iri da su ke kira ƙwan aradu. Daga waje kamar hoge ya ke, ba mai sunkuyawa dominsa, amma in an yanka sai a ga zane kamar tauraro. A 1965 suka mai da shi dutsen alamar jiharsu.

Tsakiyar da ta shigo ƙasar Hausa, da yawa daga Kambay ta Indiya aka fiƙe ta. A ƙarni na 19 kuma garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin, yana sayo dutsen daga Brazil, ya gyara, ya aiko Afirka.

To, amma akwai 'yar'uwarta wadda ba a ƙetare teku ba aka samo ta, ita ce lantana, jan dutsen nan da har sunan mata ya zama. Sinadarinsu ɗaya da tsakiya, sai dai ita haske ba ya ratsa ta. A da, a wajen Kirtashi a ke haƙo ta, kusa da Kogin Kwara, kudu da Yamai, a Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Fatake Hausawa su kan loda ta a jiragen ruwa su gangaro, su wuce Gaya da Illo da Yawuri, har Jebba, sa'an nan a ɗauka a ka zuwa Ilori. Mai karatu ya lura: Sayi, da ke kusa da inda a ke haƙar, da Ilori inda a ke sassaƙar, dukansu suna bin Gwandu a wancan zamani, tun da yammacin daula ne rabon Malam Abdullahi ɗan Fodiyo.

Sana'ar ta tsohon birnin Oyo ce. Da birnin ya watse wajen 1835, sai Ilori ta gaje ta. Aiki ne na mai haƙuri. Masassaƙi ya kan ɓantare dutsen da 'yar kurfi, ya riƙe shi da yatsun ƙafa, ya ɗora tsinken ƙarfe yana murzawa yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma, har rami ya ratsa. Sa'o'i ke nan a kan ƙwaya guda, in kuwa hannu ya yi nauyi ta fashe, wahala ta tashi a banza. Bayan haka sai gugar dutse, har ta yi sheƙi. Sarakunan Yarabawa da Sarkin Bini su ne manyan masu saye, don a wurinsu jan dutse alamar sarauta ce.

Duwatsun kwalba na Turai, masu araha, suna cikin abin da ya karya kasuwar. A 1937, lokacin da wani Bature, Mista Daniel, ya rubuta labarin masassaƙan Ilori, sana'ar ta riga ta kama hanyar mutuwa.

Saura abin da ya rage a hannun tsofaffi. Dillalai suna bin ƙauyuka suna saye, mai kayan kuwa sau da yawa ba ta san ko dutse ne ko kwalba ba, balle ta san abin da za ta yi wa kuɗi. Malaman makaranta da ma'aikata, ku ne a kan kawo wa irin wannan a duba, ga kuwa gwajin. Wuƙa ba ta karce tsakiya ko lantana, su ne ma su ke karce gilashi. Dutsen kwalba, in an ɗaga shi ga rana, a kan ga 'yan kumfa a ciki, wani lokaci da layin zubi a gefe. Ramin da aka huda da hannu kuwa ta fuska biyu a ke faro shi, saboda haka in an zura tsinke a kan ji ɗan tuntuɓe a tsakiya, inda ramukan suka haɗu.