Ɗigo Ɗaya Mai Hana Aiki

Ku sani, ya malamai da fatake, cikin kwamfutoci masu tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993, akwai wani hadimi, cron, mai zartar da ayyuka bisa lokutansu. Attajiri yakan sa a rubuta umarnin kwafe lissafin bashinsa kullum, a ajiye cikin taskar cron.daily, ya saki jiki.

To, mai buɗe taskar, run-parts, ba ya karɓar suna sai na haruffan Turanci zalla, ko lambobi, ko gajeren layi. In an rubuta bashi.sh, ɗigon nan kaɗai ya isa ya tsallake shi. Haka suna mai ƙ ko ɗ. Almajirin da ya san mazaunin ɗigo ke raba fa da ƙaf ba zai yi mamaki ba. An yi ƙa'idar ne don kada a zartar da tsofaffin kwafi masu wutsiyar .dpkg-old. Amma shirun da yake yi aibi ne babba, domin sai ranar da na'ura ta lalace ake tarar da babu kwafi ko guda.

A cire ɗigon, sa'an nan a buga run-parts --test /etc/cron.daily. Duk sunan da bai fito ba, ba a zartar da shi.