Dubu Ashirin: Lambar Da Ke Son Biyu Da Biyar, Take Ƙin Uku

Dubu ashirin, wato 20,000, lamba ce shafa'i, kuma idan aka warware ta har tushe ba a samun komai a cikinta sai biyu da biyar: 2 sau biyar a ninke, wato 32, da 5 sau huɗu a ninke, wato 625. Ninka 32 da 625 shi ke ba da ita cif.

Daga wannan tushe ne lambobi 30 suke raba ta ba saura, tun daga 1, 2, 4, 5 da 8 har zuwa 10,000 da ita kanta. Abin da ya sa ta yi wa ciniki daɗi ke nan. Duk takardun naira, daga ta 5 zuwa ta 1,000 da aka fitar a 2005, suna shiga cikinta daidai, don haka direba ko ɗan tireda a Gada Biyu, cikin Jos, yana iya biyan ta da takarda iri guda ba tare da neman canji ba. Dattawa kan ce mata jaka ɗari, domin jaka a da fam 100 ce, ta koma naira 200 bayan sauyin kuɗi na 1973.

Sabon Hausawa da ita ya girmi naira nesa ba kusa ba. A zamanin wuri ana ce mata zambar ashirin, kuma ita ce adadin da ake ɗurawa a keso guda. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne a bakin dalar azurfa ɗaya. Keso ke nan dala takwas, ba ko wuri ɗaya a kai.

Masana lissafi tun zamanin Girkawa suna kasa lambobi gida uku, gwargwadon jimillar masu raba su in an cire lambar kanta. In jimillar ta zo daidai da lambar, kamar a 6 da 28, cikakkiya ce. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta zarce, mai rara. Masu raba 20,000 sun tashi 29,203, saboda haka tana gidan masu rara.

Ba murabba'i ba ce, domin 141 sau 141 ya tsaya a 19,881, na 142 kuma ya tsallake zuwa 20,164. Amma ana haɗa ta daga murabba'ai biyu ta hanya uku: na 100 da 100, na 20 da 140, da na 68 da 124.

Rauninta yana wajen uku. Mutum uku in suka raba ta, kowa ya ɗauki 6,666, biyu su yi saura. Malaman rabon gado sun fi kowa sanin wannan: rabi, rubu'i da sumuni suna fita sumul, 10,000 da 5,000 da 2,500, amma sulusi da sudusi sai da ɓurɓushi. Bakwai ma ba ta shiga, ɗaya ke ragewa.