Keken Hawan Dutse da Yawon Bakin Tafki

Babu yaron da bai san keke ba. Malami yana hawansa zuwa makaranta, manomi yana ɗora masa buhu zuwa kasuwa. Amma in mai irin wannan keke ya iso gindin babban tudu, tilas ya sauka ya tura. To, akwai wani irin keke dabam, wanda aka ƙera musamman domin hawan tudu da bin hanya mai duwatsu da ramuka. Shi ake kira keken hawan dutse.

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, arewa da birnin San Faransisko, akwai wani dutse da ake kira Tamalpais. Tsayinsa ya ɗara ƙafa 2,500. A shekarun 1970 waɗansu samari na wannan wuri suka riƙa neman tsofaffin kekuna masu kaurin taya, waɗanda aka ƙera tun shekarun 1930 da 1940. Sukan kai su bisa tudu, sa'an nan su hau su gangaro a guje. Ran 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko a wata gangara kusa da garin Fairfax, mai tsawon kamar mil 2.

Birkin waɗannan tsofaffin kekuna a tsakiyar ƙafar baya yake. In mahayi yana so ya tsaya, sai ya taka feda baya. Saboda tsananin gangarar, kafin a iso ƙasa birkin yakan yi zafi har man giris da ke cikinsa ya ƙone, ya yi hayaƙi. Sai an kwance an sake cika shi da giris kafin a kuma hawa. Don haka suka sa wa gangarar suna Repack, watau "sake cikawa". Da suka ga tsofaffin kekunan suna karyewa, sai ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera sabo mai ƙarfi a 1977. A 1981 wani kamfani mai suna Specialized ya fara yin irinsa da yawa domin sayarwa. A 1996 kuwa aka shigar da tseren wannan keke cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta.

Me ya sa wannan keke yake iya hawan tudu? Asirin yana wurin giya. Ku duba keke, za ku ga faranti mai haƙora a wurin feda, da wani ƙarami a ƙafar baya, sarƙa ta haɗa su. Keken hawan dutse yana da faranti da yawa a baya, manya da ƙanana, mahayi kuwa yana iya mai da sarƙa daga wannan zuwa wancan yana cikin tafiya. Alal misali, a ce na gaba yana da haƙora 32, na baya 16. In feda ta kewaya sau ɗaya, ƙafar baya ta kewaya sau biyu ke nan. Keke zai yi sauri, amma feda za ta yi nauyi. In aka mai da sarƙa bisa farantin baya mai haƙora 32, kewaya ɗaya ta feda sai ta ba da kewaya ɗaya tak ta ƙafa. Tafiya ta ragu, amma feda ta yi sauƙi, har a hau tudu ba a sauka ba. Kamar mai kwashe hatsi ne da ƙaramar ƙwarya: zai yi sawu da yawa, amma kaya ba zai fi ƙarfinsa ba.

Tayarsa tana da faɗi, da ƙullutai a jikinta masu kama ƙasa, don kada ta zame cikin tsakuwa ko taɓo. Galibinsu kuma suna da sifirin a gaba, wanda ke rage jijjiga. Birki biyu ne a hannu, na gaba da na baya. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarfi a gangara, yana iya wuntsilawa ta kan keken. Saboda haka gwani yakan ja jikinsa baya, ya kama duka biyu a hankali.

Ba kowane mai wannan keke ne ke yin tsere ba. Da yawa shan iska kurum suke fita. A gefen dutsen Tamalpais akwai tafkuna da aka samu ta wurin datse rafuka, kamar su Lagunitas da Bon Tempe da Phoenix. Ranar hutu abokai biyu sukan yi sammako su nufi can. Kafin su tashi, kowa ya latsa tayarsa ya ji iska, ya gwada birki, ya ɗaura hular kwano. Sukan ɗauki ruwan sha, da famfo, da kayan faci, da ɗan abin taɓawa. Hanyar takan bi gefen ruwa, ta shiga inuwar dogayen itatuwa, ta hau tudu, ta sake gangarowa. Wanda ya yi tafiyarsa ba hayaniya yana iya ganin barewa tana kiwo, ko kififiya ta fito bisa gungume tana shan hantsi.

Me ya sa ya fi kyau a tafi su biyu? Cikin daji babu mai gyaran keke a gindin itace. In taya ta yi faci, ɗaya ya riƙe keke, ɗaya ya gyara. In wani ya faɗi ya ji ciwo, ɗan'uwansa ne zai taimake shi, ya nemo mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma abota tana da sharaɗi. Wanda ya fi ƙarfi ba ya barin abokinsa a baya. In ya riga shi kai ƙolin tudu, ko mararraba, sai ya tsaya ya jira. Na gaba in ya ga rami ko reshe ya karyo, sai ya ɗaga murya ya faɗa. Na baya kuwa ya bar rata tsakaninsu, don in na gaba ya taka birki kada ya afka masa.

Wurin kuma yana da dokoki. Ruwan nan shi mutanen garuruwan da ke kewaye suke sha, saboda haka an hana wanka da iyo a cikinsa. Masu keke sukan bi manyan hanyoyin ƙasa waɗanda motocin kashe gobara ke bi. Akwai ƙananan turbobi da aka keɓe wa masu tafiya ƙasa, da allo a bakinsu. Mai keke ba ya ratse hanya ya bi ta cikin ciyawa, domin taya tana tone ƙasa, in ruwan sama ya zo sai ya bi sawun ya ci wurin, ya kwashi laka ya zuba cikin tafki. In ya gamu da mai tafiya ƙasa, sai ya rage gudu, ya gaishe shi, ya ba shi hanya. In mahayin doki ne, ya fi kyau ya tsaya, domin keke ba ya ƙara, doki yana iya firgita ya ka da mai shi.

Da haka abokan nan sukan kewaye tafki, su zauna a inuwa su ci guzurinsu, su kwashe shararsu, su komo gida lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kira gangarar nan Repack?
2. In farantin gaba yana da haƙora 36, na baya 12, sau nawa ƙafar baya za ta kewaya in feda ta kewaya sau ɗaya?
3. Faɗi abu uku da abokin tafiya nagari yake yi.
4. Ta yaya tayar keke take iya ɓata ruwan tafki?