Keke a Kan Burji: Abin da Turawa Ke Biya Su Yi, Mu Kuma Muke Jin Kunyarsa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Yau a gida za mu tsaya, wato Danja da kewayenta, kuma a kan keke za mu yi magana. Na san wani zai ce, keke kuma? E, keke. Ku ɗan ba ni aron kunnenku.

Akwai wasan da ya yi kasuwa a duniya cikin shekarun nan: tuƙa keke a hanyar da ba kwalta, ta tsakuwa da jar ƙasa, a ratsa gonaki da itatuwa da bakin rafi. A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, a 2006, mutum 34 suka fara wani tsere na mil 200, wajen kilomita 320 ke nan. Yau ana kiransa Unbound Gravel, kuma dubban mutane ke zuwa duk shekara. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya. A nan Afirka ma, tun 2021 ake wani na kwana huɗu a yankin Masai Mara na Kenya. Mutane na biyan kuɗin jirgi da masauki don su je su sha ƙura.

To mu fa? Hanyar da suke nema ita ce a ƙofar gidanmu. Ka fita Danja ka nufi Dabai, ko Kahutu, ko Tandama, da ka sauka daga babban titi burji ne zai tarbe ka. Amma saurayi a nan ya gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da a gan shi bisa keke, wai kar a ce talauci ya kama shi. Alhali tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama cikin 2024. Wa muke yi wa wannan ƙaryar?

Bari in bayyana abin da ya sa keken burji ya bambanta, don a nan abin mamakin yake. Sirrin yana taya. Keken tseren kwalta tayarsa siririya ce, ba ta cika wuce milimita 30 ba, kuma ana cika ta da iska tam. Na burji kuwa faɗin tayarsa daga milimita 35 ne zuwa 50, iskar kuma a sassauce, don tayar ta riƙa shanye gargada ta kama ƙasa. To tsohon keken nan na kakanninmu, Raleigh ko Phoenix mai taya inci 28, faɗin tayarsa inci ɗaya da rabi ne, kusan milimita 38 zuwa 40. Kun ga ke nan yana cikin sahu. Abin da ya rasa shi ne giya da rashin nauyi, shi ya sa a tudu sai ka sauka ka tura. In da hali, keken gwanjo mai giya ya wadatar. In babu, na gida ma ya isa a fara.

Hanyoyin namu iri uku ne, kowace da halinta.

Ta farko, hanyar gonaki da burtali, wadda ke ratsa masara da dawa da waken suya, ga inuwar ɗorawa da kaɗanya da mangwaro jefi-jefi. Ita ce ta mai koyo. Abokin gabarta ƙaya, musamman tsidau, wanda ke huda taya ba sallama. Bi tsakiyar sawun da ƙafa da babur suka daddaɓe, ka bar gefen ciyawa.

Ta biyu, hanyar fadama da bakin rafi, inda ake noman rake da tumatir ɗin da aka san Danja da su. Ta fi kowace kyau, ga sanyi ga kore ko da rani. Amma akwai yashi da taɓo. In ka shiga yashi kar ka damƙe birkin gaba, ka mayar da nauyinka baya, ka ci gaba da taka feda a hankali. Kuma ka tuna bakin rafi wurin neman abincin wani ne: kar ka taka kwamin mutane ko tiyon ban-ruwa.

Ta uku, doguwar tafiya ta waɗanda suka goge, a haɗa burji da kwalta a nufi Bakori har Funtua, inda madatsun ruwan Mairuwa da Gwaigwaye suke. A wannan tudun na Funtua ne ma kogin Sakkwato ya samo asali. Wannan tafiyar yini ce, ba a yin ta da ka.

Lokaci ma ilimi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai dai ƙurar hunturu, don haka a rufe hanci. Maris zuwa Mayu rana ba ta wasa, a fita bayan asuba a dawo kafin hantsi ya yi nisa. A Agusta kuwa laka kan cushe taya, rafin da ka tsallake da safe yana iya cika kafin la'asar. In ba ka ga ƙasan ruwa ba, kar ka shiga. Guzurinka: famfo, kayan faci, ruwa aƙalla lita biyu, ɗan ƙuli-ƙuli ko mazarƙwaila, da waya mai caji.

Yanzu maganar da ba zan tsallake ba, tsaro. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa Faskari da Sabuwa da Dandume, kuma yankinmu ma bai tsira gaba ɗaya ba. Don haka dajin da nake nufi shi ne itatuwan da ke tsakanin gonaki da ƙauyuka masu mutane, ba ƙurmi ba. Ƙa'ida huɗu: kar a fita mutum ɗaya, a gaya wa na gida hanya da lokacin dawowa, a tambayi mai unguwa ko 'yan sintiri halin da hanya take ciki a ranar, a dawo kafin magariba. In an ce kar a bi, magana ta ƙare. Kuma kar a sa hoto a Facebook ana nuna inda ake sai an dawo gida.

Me ya sa na damu da wannan har na ware masa shiri? Lafiya tana ciki, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, fita biyu ke nan. Amma abin ya wuce nan. Hanyar da za mu bi don nishaɗi ita ce wadda kwandon tumatir ke bi zuwa kasuwa, ita ake bi da mai naƙuda zuwa asibiti, ita ɗalibi ke bi zuwa makaranta. Mai keke ya fi mai mota sanin inda kwalbati ya karye da inda zaizaya ta cinye hanya. In matasa goma suka fita da waya, suka ɗauki hoton kowane wuri da sunan ƙauyensa, suka kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, an tashi daga ƙorafin majalisar shayi an koma hujja.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Ina ba da shawara kafin ta zagayo kowace unguwa ta samu ayarinta, ko na mutum biyar ne. Ku kakkaɓe keken da ke jingine a zaure, ku kai wa mai faci ya duba sarƙa da birki. Sannan ku faɗa mana a ƙasa: wace hanya ce ta fi kyau a ƙauyenku, wace ce kuma ta fi lalacewa?

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mana hanyoyinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.