Motar wasa mai tafiya da radiyo

Tamale babban birni ne a arewacin ƙasar Gana. Yawancin mutanensa Dagwamba ne, amma akwai Hausawa da yawa a unguwar Zango. Yaran Tamale, kamar na Maraɗi da Damagaram, gwanaye ne wajen ƙera motar wasa. Sukan yi jikinta da gwangwanin madara ko da waya, su yanko ƙafafu daga tsohon takalmin roba, sannan su ɗaura mata doguwar sanda mai sitiyari. In yaro ya murɗa hannunsa, sai ƙafafun gaba su juya.

A kasuwa kuma ana saida wata irin mota wadda ba ta da sanda, ba ta da igiya. Yaro yana tsaye da ɗan akwati a hannu, mota tana gudu can nesa. To, me ya maye gurbin sandar? Abu biyu ne: radiyo da sarbo.

Akwatin hannu ƙaramar tashar radiyo ce. Ba ya watsa labarai ko kiɗa, umurni kawai yake aikawa: gaba, baya, dama, hagu. Saƙon yana tafiya cikin iska da saurin haske, kilomita 300 000 a daƙiƙa guda. A cikin motar akwai wata ƴar na'ura mai karɓar saƙon. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1898 wani masani mai suna Nikola Tesla ya tuƙa ƙaramin jirgin ruwa da radiyo a gaban jama'a, a birnin Niyok na Amurka.

Saƙo ya iso, amma saƙo ba ya da hannu. Sarbo shi ne hannun. Ɗan akwati ne kamar na ashana. A cikinsa akwai ƙaramin inji, da ƙananan faya-fayai masu haƙora irin na cikin agogo, da wani ma'auni mai sanin inda ƙafafu suka fuskanta. Injin yana da sauri amma ba ya da ƙarfi. Faya-fayan nan su ne ke rage saurin, su maida shi ƙarfi, kamar yadda mai keke yake sake giya in zai hau tudu. Wajen sau 50 a kowace daƙiƙa, na'ura tana gaya wa sarbo inda ake so ya tsaya. In bai kai wurin ba ya matsa, in ya kai ya tsaya cak. Shi ya sa in aka murɗa kaɗan, mota takan juya kaɗan.

Motoci masu araha ba su da sarbo na gaske. Abu ukku kaɗai suka sani: miƙe, dama gaba ɗaya, hagu gaba ɗaya. Suna da wata matsala kuma. Da yawa daga cikinsu a kan layi ɗaya suke karɓar saƙo, wato megahaz 27. In yara biyu suka fito da motoci masu layi ɗaya, sai akwatin wannan ya riƙa tuƙa motar wancan. Nan da nan gardama ta tashi, alhali kuwa ba wanda ya yi laifi. Daga wajen 2005 aka fara yin akwatuna masu gigahaz 2,4. Kowane akwati yana gane motarsa ita kaɗai, ko da motoci goma ne a fili.

Saboda haka wasu ba su jefar da tsohuwar mota. Sukan kai ta wurin mai gyaran radiyo a sake mata kayan ciki. A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Mutum ya sayo sarbo shi kaɗai, sai ya tarar tsohuwar na'urar ba ta jin yarensa. Dole a sake su ukku tare: akwatin hannu, na'urar karɓa da sarbo. Sarbo yana da waya ukku. Ja da baƙa ko ruwan ƙasa su ne na wuta, ta ukkun ita ce ta saƙo. Yawancinsu ba su son wutar da ta wuce bolti 6, wato pil huɗu masu bolti 1,5. In aka ba su fiye da haka suna iya ƙonewa.

A gari irin Tamale, inda hunturu yake kawo ƙura, kuma filin wasa ba ya rasa tsakuwa, haƙoran roba ba su daɗewa. Da mota ta bugi dutse, sai haƙori ya karye. Sarbo mai haƙoran ƙarfe ya fi tsada, amma ya fi ƙarko. Kafin a sayi komi dai, ya kamata a duba pil, a duba ko waya ta tsinke. Sau da yawa ɗigon dalma guda ya ishi gyaran.

In an gama haɗawa, sai a ɗaga motar sama a gwada. Wani lokaci a murɗa dama, ƙafafu su yi hagu. Ba sai an kwance komi ba: a jikin akwatin hannu akwai ɗan maɓalli mai juya umurnin.