Fim ɗin da aka sake ɗinkawa, ko ya cancanci kashi na biyu?

Tun zamanin kasat ɗin bidiyo, garin Birnin Ƙonni yana cikin manyan ƙofofin da fina-finai ke shigowa Jamhuriyar Nijar ta cikinsu. Daga Kano da Sakkwato kaya ke ƙetaro iyaka, su sauka kasuwar Ƙonni, sa'an nan su bazu zuwa Malbaza, da Illela, da ƙauyukan jahar Tawa. Kasat ya wuce, faifai ma ya ja baya, yanzu cikin wayar hannu ake tura fim. Amma tambaya guda ba ta gushe ba daga bakin ƴan kallo: ina na biyunsa? A wajen matasan fada wannan hira ce ta shan shayi. A wajen masu shirya fim kuwa, magana ce ta miliyoyin kuɗi da ta mutuncin sana'a.

Gardamar ta fi zafi a kan wani irin fim, wato na faɗa da ƙagaggen labarin kimiyya, inda ake nuna mutum-mutumin ƙarfe, da jiragen da ke zuwa wasu duniyoyi. Kamfanonin Amurka sun ɗauki al'adar tono tsofaffin fina-finan nan su sake yin su da sababbin ƴan wasa da dabarun kwamfuta. Idan sabon ya karɓu, sai a ɗora masa na biyu da na uku.

A dubi RoboCop. A shekara ta 1987 ne Paul Verhoeven ya shirya shi. Labarin wani ɗan sanda ne na birnin Detroit da ƴan ta'adda suka kashe, wani kamfani ya ɗauki abin da ya rage na jikinsa ya haɗa da ƙarfe, ya mai da shi kayan aikinsa. Harbe-harbe sun yi yawa a ciki, amma ƙashin bayan labarin shi ne tambayar ko kamfani yana da ikon mallakar ɗan Adam. A 2014 José Padilha, mutumin Birazil, ya sake shi. Hoto ya fi kyau, an kuma samu fiye da dala miliyan 240 ta Amurka, amma ba a ɗora masa na biyu ba. Haka ta faru ga Total Recall na 1990, wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a ciki: da aka sake shi a 2012 sai aka cire tafiya zuwa duniyar Mars, aka cika shi da guje-guje, daga nan kuma ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mai karatu zai iya zaton kuɗi kaɗai ke yanke hukunci. Labarin Planet of the Apes, wato duniyar birai, ya nuna abin ya wuce nan. Na farko ya fito a 1968, yana nuna wata duniya inda birai ke mulki, mutane kuwa sun zama kamar dabbobi. A 2001 Tim Burton ya sake shi, aka tara fiye da dala miliyan 360. Riba ta samu, amma ƙarshen fim ɗin ya ruɗa jama'a, ba a kuwa ci gaba da shi ba. Shekara goma bayan haka, a 2011, sai wasu suka komo ga labarin ta wata hanya dabam. Maimakon su maimaita na 1968, sai suka tambayi yadda aka yi birai suka sami hankali tun farko. Suka ƙago wani biri mai suna Caesar, wanda hankalinsa ya buɗe sanadiyyar maganin ciwon mantuwa da ake gwadawa a kan birai. Da yake labarin yana da wurin zuwa, aka samu na biyu a 2014, na uku a 2017, na huɗu a 2024. A nan kashi na biyu bai zama ƙari ba, domin wanda ya ga birin ya tsere daji dole ya so sanin yadda zai zauna da mutane.

Akwai kuma wanda ya cancanta bai samu ba. Dredd na 2012 ya fi Judge Dredd na 1995 tsari nesa ba kusa ba, masu kallo har takardar roƙo suka sa wa hannu don a ci gaba, amma abin da aka samu a gidajen silima bai kai ya ƙarfafa masu zuba kuɗi ba.

Ƴan kallo na ƙasar Hausa sun san wannan hanya ta wajen Indiya. Koi Mil Gaya na 2003, labarin baƙon halitta da ya sauko daga sama ya yi abota da wani saurayi, mutane da yawa sun ga kamarsa da E.T. na Amurka na 1982. Sai dai Rakesh Roshan ya dasa shi cikin gidan Indiyawa, da uwa da ɗa da waƙa, har ya haifi Krrish a 2006 da Krrish 3 a 2013. Aron ya zama nasu kafin su ɗora masa wani abu.

Nijar ma ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. A 1966 Mustafa Alasan ya shirya Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya komo gida daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dami gari da ta'adi. Ya ari rigar fim ɗin Amurka ne don ya nuna abin da kwaikwayo marar tunani ke jawo wa matasa. Wannan gwani, wanda ya zauna garin Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya faɗi abin da yake son faɗi cikin fim guda, ya wuce ga wasu ayyuka. A 2015 ɗin kuma aka fito da fim na harshen Tamajak da aka ɗauka a Agadas, wanda ya bi sawun Purple Rain na 1984, mawaƙi Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, shi ne jaruminsa.

Inda damuwa take shi ne kasuwar fina-finan Hausa, wadda ta fara da Turmin Danya a Kano a 1990. A zamanin kasat da faifai an saba yanka labari guda gida biyu ko uku, don mai saye ya biya sau biyu ko sau uku. Manomin Illela ko ma'aikacin gidan siminti na Malbaza da ya sayi na ɗaya, tilas ya nemi na biyu kafin ya san ƙarshe. Wannan ba ci gaban labari ba ne, rabon kaya ne. Yanzu da fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube, jarabar ja wa labari wuya ta ƙaru.

Abin mamaki, Hausa tana da nata tsohon labarin kimiyya. A 1969 aka buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, a Zariya, labarin wani yaro da wani baƙon halitta ya ɗauka zuwa sararin sama. Mai shirya fim da ke neman abin da zai farfaɗo da shi, ga shi nan cikin harshen da ƴan kallon Ƙonni da Malbaza ke ji ba tare da tafinta ba.