Ƙarƙashin ƙugiya a Bolori

Tun da hantsi, kafin ranar Maiduguri ta fara gasa kwano, an buɗe wani garejin manyan motoci a Bolori, daf da hanyar Baga. Da shigarka za ka ci karo da wata doguwar gadar ƙarfe mai ƙafafu a kan tayoyi, ƙugiya na reto a tsakiyarta, sarƙarta baƙa ƙirin saboda mai. Da ita ake zare injin tirela, da ita ake sauke janareta daga bayan mota. Lokacin da aka karya turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu a Janairun 2021, gari ya shafe wata da watanni cikin duhu, janaretoci suka yi ta kwararowa gyara, ƙugiyar nan ba ta san hutu ba.

Mai kula da ita wani dattijo ne Babarbare, kowa Baba yake ce masa. Yaro ba ya taɓa sarƙa sai ya daɗe yana wanke ta da kananzir, yana bin ta zobe-zobe, har idonsa ya iya gane wanda ya miƙe ko ya tsage.

"Baba, in ja?" in ji wani matashi, hannunsa a kan sarƙa.

"Ɗaga taƙi ɗaya, ɗana, ka tsaya. Bari mu ji ko birki ya riƙe."

Injin ya bar mazauninsa, ya ɗan juya, ya nutsu. Sai a nan Baba ya kaɗa yatsa sama. Shi kaɗai ke ba da ishara, amma ko mai sayar da ruwan leda ya ce a tsaya, an tsaya. Ba a jan kaya daga gefe, ba a gilmawa ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake tsuke igiyoyin ɗauri. A littafin injiniyoyi, idan igiya biyu suka buɗe har digiri 120, kowace tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya. Baba bai san digiri ba. Ya dai ce igiyar da ta buɗe ƙafa da yawa maƙaryaciya ce.

Sai dai duk wannan sanin babu takarda a bayansa. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta duba sarƙoƙi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, ƙa'idojin da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar a 2018 kuma suna neman mai sarrafa su ya samu horo da lasisi. Ban ga laifin dokar ba, domin ƙugiyar lantarki mai gudu a rufin masana'anta ba ta jiran mai koyo. Amma matashin nan, da ke mafarkin tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, in ya je can ba za a tambaye shi inji nawa ya zare a Bolori ba. Takarda za a nema, kuɗin kwas da na mota kuwa sun fi ƙarfin ɗan abin da yake samu.

Da aka kira azahar, injin na rataye tukuna. Baba ya ƙi ɗaukar buta sai da aka jero tsofaffin tayoyi biyu, aka sauke shi a kai, sarƙa ta saki.